Fijon Baba ta tashi, amma za ta jure zirga-zirgar kullum?

Yaya Babba: Assalamu alaikum 'yan gida. Alhamdulillahi, akori-kurar Baba ta tashi. Wata bakwai tana gareji: an sauke inji an sa ringi, an wanke lagireto, an canza katakon baya, an yi mata farin fenti irin na da. Na yanke shawarar sayar da Corollar nan in koma hawanta kullum, daga Gwammaja zuwa shago a Singa. Ni a wurina tsohuwar Peugeot 504 da ta samu gyara ta fi motocin kwamfutar nan amana.

Auta: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, wallahi da na ga hoton sai da na yi ƙwalla. Amma Yaya, amana fa ka ce? Motar da ta girme ni?

Kawu: Ta girme ka ɗin, kuma da ita aka kai gyatumarka asibiti ranar da za a haife ka. Ku yaran yanzu ba ku san fijo ba. Tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna, don hanyoyinmu aka yi ta. Ni da mahaifinku mun sha loda mata buhunan gero a Dawanau har sifirin ɗin baya ya miƙe, ta kai mu Bichi ta dawo ba ta yi tari ba. In ta tsaya a ƙauye, duk bakaniken da ke da sifana da sukundireba zai tayar da ita. Taku ta yanzu fa? Fitila ɗaya ta kunnu a gaban direba, sai a ce a nemo mai na'ura.

Ɗan Gwaggo: Kawu, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka ne. Amma tunda ni nake kwana a ƙarƙashin motocin nan, a bar ni in ce wani abu. Injin 504 ba na jin tsoronsa, ƙarfe ne na gaske. Abin da nake tsoro kayan gyara. Kusan shekara ashirin ke nan da aka daina harhaɗa ta a Kaduna. Yau in ka shiga Ƙofar Ruwa neman kayanta, ɗayan biyu ne: ko na hannu da aka ciro daga wata gawar, wanda shi ma ya sha duniya, ko sabo dal a kwali wanda ba ka san inda aka ƙera shi ba. Na taɓa sa wa wani mutum kwantak sabo, sati biyu ya ƙone, muka koma muka goge tsohon da sanfefa, shi ne ya ƙara wata huɗu. Kuma masu saita kafireto da kunne, su ji ƙarar inji su murɗa sukuru kaɗan, yawancinsu sun tsufa. Yaran garejinmu ba su iya ba.

Yaya Babba: Ai shi ya sa na sayi kwantak biyu da fambel da fulogi na ajiye a bayan kujera.

Auta: Ka ji ko? Motar amana amma da shagon sifiya a bayan kujera.

Ɗan Gwaggo: Ƙara da jarkar ruwa da tsumma, Yaya. Ba wasa nake ba. Tafiyar Kawu zuwa Bichi gudu ne, iska na shiga lagireto. Kai kuwa cunkoson 'Yankura za ka shiga da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, zafi ya haura 40. A nan fetur ke tafasa a cikin bututu, famfon mai ya riƙa jan iska, mota ta mutu a tsakiyar titi 'yan adaidaita na ta maka hon. Sai ka jiƙa tsumma ka ɗora wa famfon, ka jira ta huce. Ga shan mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 masu kafireto suke kuka, balle inji mai lita 2 a tsaya-tafi.

Kawu: Man da za ta sha bai kai kuɗin akwatin kwamfutar Corolla ɗaya ba in ruwan damina ya shige shi. Ku tambayi waɗanda suka faɗa ruwa a Kurna.

Gwaggo: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Kai ɗan nan, kujera ɗaya ce a motar, mutum uku ta cika. 'Ya'yanka huɗu, ga uwarsu. A baya za ka zuba su kamar awaki in za a kai su makaranta? Ko ka manta bikin Auta da muka tura ta da mayafanmu a Ƙofar Mazugal?

Kawu: Batir ne ya mutu rannan, Hajiya, ba laifin mota ba ne.

Gwaggo: Mu dai muka tura.

Auta: Kuma ba jakar iska, ba birkin da ke hana taya ƙullewa. In mai babur ya faɗo maka a gadar Ƙofar Nassarawa, ƙafarka ce kawai da addu'a.

Yaya Babba: Maganar yara na karɓa, Gwaggo, ban yi wannan lissafin ba. Sauran kuwa ban sauka ba. Shekara uku Corollar nan tana cin kuɗina a wurin mai waya, har yau ba a gano abin da ke shanye batir ba. Fijo in ta yi ciwo ina ganin ciwon da idona.

Ɗan Gwaggo: To kada ka sayar yanzu. Hau fijon daga nan har bayan bazara, ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta mai da gyara da ranakun da ta bar ka a hanya. In ta tsallake Afrilu da Mayu, ni zan nemo maka mai sayen Corollar, ba na son ko sisin la'ada.

Yaya Babba: Na yarda. Amma in ta tsallake, Auta ne zai wanke ta wata guda.

Kawu: Kafin nan a aro mini ita ranar Asabar, ina da buhu takwas na masara a Dawanau.

Ɗan Gwaggo: A biyo da ita gareji tukuna, Kawu. Jiya na ga birkin baya na hagu yana ɗigar mai.