A bari a gwada magani a kan 'ya'yanmu?

Alhaji na Kawo: Ni maganata ɗaya ce. Duk likitan da ya ce ka sa ɗanka a binciken magani, ka ɗauki abinka ka tafi. Ba a manta da Kano ba. A 1996 sanƙarau na kashe yara, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin yara kusan 200, guda 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka shanye. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi na dawo da ɗa?

Nas ta Tudun Wada: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da ya faru a Kano ba mai wanke shi, musamman da iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Amma kalmar "duk" ɗin nan ce ta yi mini nauyi. Yaro mai sikila, idan ba a bi shi da kulawa ba, kusan ɗaya cikin goma na gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna wanda ke cikin haɗari. A Amurka irin wannan yaron ƙarin jini ake masa duk wata. Mu nan ina jinin? Shi ya sa likitocinmu suka yi bincike a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, da Barau Dikko nan Kaduna, da yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, a kan maganin hydroxyurea. Sakamakon ya fito a 2022: ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. Yaranmu ne suka amfana, Alhaji, ba na wasu ba.

Alhaji na Kawo: 'Yata, wa ya ba da kuɗin binciken?

Nas ta Tudun Wada: Daga waje ya zo, Baba. Amma masu duba yaran namu ne, kuma sai da iyaye suka amince.

Baban Ummi: Anti Nas, ni damuwata daban ce. A gwada, a gane, magani ya fito ya fi ƙarfin talaka. Maganin Zolgensma na yaran da jijiyoyin motsinsu ke lalacewa, da ya fito a 2019 sama da dala miliyan 2 aka sa masa. Wa zai saya a Rigasa?

Nas ta Tudun Wada: Wannan kam ba ni da ja. Sai dai ba kowane bincike ne ke ƙarewa a miliyoyi ba. Akwai cutar PKU, jariri ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin madara da nama, ya taru ya lalata masa ƙwaƙwalwa. Ɗigon jini daga diddige ke gano ta, maganin kuma tsara abinci ne tun yana jariri. Yaro nawa ne a unguwanninmu aka ce iska ce, ba a taɓa auna jininsa ba? Abin yana ci mini rai wallahi.

Maman Khalifa: Ni uwar mai sikila ce. Alhaji, ka yi haƙuri, idan aka kira ni zan je. Amma sai an karanta mini takardar da Hausa, an nuna mini izinin NAFDAC da na kwamitin asibiti, an kuma tabbatar mini zan iya janye ɗana duk ranar da na so ba tare da an daina duba shi ba.

Alhaji na Kawo: Ke kin yi makaranta, Hajiya. Matar ƙauyen da za a miƙa wa takarda ta dangwala yatsa fa? Ita nake ji.

Maman Khalifa: To ita ma ɗanta na iya shanyewa, Alhaji. A sa mata shaida wanda ba ma'aikacin asibitin ba, ya zauna a yi bayanin a gabansa. Anti Nas, awon kan nan, daga shekara nawa ake farawa?

Nas ta Tudun Wada: Daga shekara 2 zuwa 16, sau ɗaya a shekara. Ki tambaya a asibitin da kuke zuwa.