Tsarin ACO na Amurka, haka kawai asibiti ke shiga?

Ɗan Tudun Wada Gombe: Salamu alaikum jama'a, ƙanwata nas ce a Amurka wai asibitinsu zai shiga ACO, wato ƙungiyar likitoci da asibitoci masu haɗa kai wajen kula da majinyata, in sun rage kashe kuɗin Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi) a raba rarar da su, to akwai sharuɗɗa ne?

Baban Azare: Sosai ma ɗan uwa. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta kawo shi, aka fara 2012. Sai ƙungiyar ta yi rajista tana da lambar harajinta, da majinyatan Medicare aƙalla 5,000, yarjejeniya da CMS, hukumar da ke kula da Medicare, kuwa yanzu shekara 5 ce.

Maman Pantami: Kuma kashi 75 na hukumar gudanarwa dole ya zama hannun masu aikin lafiyar, har majinyaci ɗaya ake sawa ciki. In ingancin kulawa ya gaza ko sisi babu.

Ɗan Tudun Wada Gombe: Tab, ni na ɗauka kamar adashe ne wallahi.