Egzima ba kyasbi ba ce, to wane suna za mu ba ta?

1/ Jama'a, ku zo mu raba gardama kan kalmar nan da likitoci ke rubutawa eczema. Shiga kemis a Kano ko Kaduna ka ce kana da egzima, mai shago zai leƙa wuyanka yana neman farin tabo. Kyasbi yake nema. Likitan fata kuwa wani ciwo daban yake nufi da kalmar, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

2/ Kyasbi dai mun san shi. Wani fangas ne mai suna Malassezia, yana zaune a fatar kowa, zafi da gumi ke sa ya yi yawa ya ɓata ƙirji da baya da wuya. In ka karce wurin da farce sai ka ga gari-gari. Bai cika ƙaiƙayi ba. Ketoconazole ko clotrimazole na kashe shi, ko da yake launin fatar kan ɗauki watanni kafin ya dawo. Wannan yana da sunansa, a bar masa kayansa.

3/ Egzima ta gaskiya ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Fata ce da ba ta iya riƙe danshi, sai ta bushe ta tsattsage, abu kaɗan ya fusata ta: sabulu mai ƙarfi, turare, gumi, iskar hunturu. Yawanci tana farawa kafin yaro ya kai shekara 5. A jariri kumatu take kamawa, in ya tasa sai ta koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Ƙaiƙayinta na hana barci, uwa ta wayi gari ta ga ɗigon jini a zanin gado. Littattafan Turawa sun ce wurin ja yake yi. A fatarmu toka-toka yake yi ko ya yi duhu, in an daɗe ana susa ya yi kauri.

4/ Kada a ɗauka neman magana ne kawai. Saboda suna ɗaya ake kiransu, magani ɗaya ake miƙo wa kowa, wato mayukan nan masu haɗi uku: na fangas, na bakteriya, da sitiroyid (maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi irin su clobetasol ko betamethasone. Mai kyasbi ba ya buƙatar sitiroyid, ƙara wa fangas gindin zama ma yake yi. Jaririn da ke da egzima kuwa, a yi ta lafta masa clobetasol a kumatu, fatar ta yi siriri, ta yi haske, nanƙarwa ta fito. Alhali abin da ake fara ba shi mai sauƙi ne: basilin ko man kaɗe sau da yawa a rana, musamman bayan wanka jiki na da danshi, sai hydrocortisone, sitiroyid mara ƙarfi, na ɗan lokaci in likita ya rubuta.

5/ Wasu sun ce a kira ta ƙazuwa. A'a. Ƙazuwa ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa cikin fata, tana son tsakanin yatsu, kuma ana ɗauka, shi ya sa ake yi wa duk gida magani tare. Ka ce yaro na da ƙazuwa, ka raba shi da abokan wasa ke nan. Borin jini ma bai dace ba, shi tashi yake yi ruɗu-ruɗu ya kwanta kafin gobe.

6/ Wadda ta fi kusa ita ce kirci. Kalmar ta ɗauko bushewa da ɓawo da ƙaiƙayi da naci, duk a baki ɗaya. Matsalarta faɗi. Makiyaya ma da kirci suke kiran ciwon fatar da ke kama shanu da damina, shi kuwa bakteriya ce, kuma yana yaɗuwa a garke. Ita kaɗai ba za ta cire wa mutane tsoron ɗauka ba.

7/ Don haka ni na tsaya a kan kircin gado. Ciwon yana bin dangi, sau da yawa gida ɗaya da asma da yawan atishawa in an shaƙi ƙura. Kuma Bahaushe ya san abin gado ba a ɗaukarsa a tabarma ko a soso. Na san za a ce gado kamar ba ya jin magani, kuma wani yaron iyayensa ba su da shi. Gaskiya ne. Sai dai wannan abu ne da ma'aikaciyar asibiti za ta iya gyarawa da jimla guda: "Maman yaro, kircin gado ne, yana lafawa yana dawowa, yara da yawa kuma suna samun sauƙinsa in sun girma."

8/ Saura wani nau'in da taɓa abu ke tayarwa: ɗan kunnen ƙarfe, siminti a hannun birkila, ko baƙin dayis ɗin lalle da kan bar wa amarya zanen fulawa a kumbure. Wannan ba gado ba ne. Na yi tunanin kircin taɓi, amma bai zauna min a baki ba. Mutanen Sakkwato da Damagaram, da me kuke kiran irin wannan a wajenku?