Neman shawara: tantin mutum biyu mara nauyi da zai jure iskar duwatsun Sikotlan

Ɗan Zazzau a Aberdeen:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu zuwa kwanan daji a cikinku ina neman shawara. Ni da abokina da muke haya ɗaya mun sa ranar zuwa duwatsun Cairngorms ƙarshen Oktoba, kwana biyu, mu bar mota a Linn of Dee mu taka ta kwarin Glen Derry mu haura mu kwana a bakin tafkin Loch Etchachan, washegari in Allah ya yarda mu hau tsaunin Ben Macdui. To matsalar tanti ce. A watan Agusta mun gwada kwana da wani na fam 35 da na ɗauko a wani babban kanti, irin wanda yaran turawa ke zuwa wajen kiɗa da shi, wallahi wajen ƙarfe biyun dare iska ta taso sandar ta tsage ta huda rufin, haka muka kwana kowa riƙe da gefe ɗaya kamar masu riƙon sa za a yanka, kafin asuba komai ya jiƙe har garin kwakin da muka tafi da shi ya jiƙa kansa ba sai mun zuba ruwa ba. Yanzu mun haɗa fam 250 mu biyu. Ina son wanda bai kai kilo 2 ba saboda tafiyar da nisa, kuma ni dogo ne, mita 1.86. Na ga ana ta yabon MSR Hubba Hubba wai kilo 1.7 ne kacal, in na samu na hannu na biyu in ɗauka? Ko akwai wanda ya fi?

Na Kurna:
Ikon Allah. An biya maka kuɗin makaranta an biya na haya, kai kuma ka ce sai ka kwana a tsauni cikin ruwa. Ka dawo Kano mu shimfiɗa maka tabarma a ƙofar gida kyauta, NEPA ma ta ɗauke za ka ga taurarin da kake nema 😂

Baban Khalifa, Inverness:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka bar Na Kurna, shi hawa benen gidansu ma sai ya huta sau biyu.

Magana ta farko, ka cire wannan kilo 2 ɗin daga ranka. Ku biyu ne fa, tanti ana raba shi, ɗaya ya ɗau rufin waje da turaku ɗaya ya ɗau ɗakin ciki da sanduna, to in tanti kilo 2.6 ne kowa ya tashi da 1.3, in 1.7 ne kowa 0.85, bambancin bai kai ƙaramar robar ruwa ba, a kan wannan za ka sayar da barcinka? Abin da ya kayar da kai a Agusta ba ruwa ba ne, iska ce ta karya sanda sannan ruwa ya samu hanya. Kuma inda ka ce za ka, Loch Etchachan, mita 927 ne sama da teku, babu itace ko ɗaya, fili ne fetal da duwatsu. A kan tsaunin Cairn Gorm da ke nan kusa aka taɓa auna iska mai gudun mil 173 a awa a watan Maris na 1986, ba wai na ce za ka tarar da irinta ba, amma ka san unguwar da za ka shiga.

Hubba Hubba tanti ne mai kyau ba ƙarya, ƙofa biyu zaure biyu ga sarari a sama, amma an yi shi ne don lokacin da yanayi ke da sauƙi. Ɗakin cikinsa raga ta yi yawa kamar gidan sauro, rufin wajen kuma bai sauka har ƙasa ba, iskar Oktoba za ta bi ta ƙasa ta ratsa ku. Sannan yadda aka saba kafa shi ɗakin ciki ake fara tayarwa kafin a lulluɓa rufin, ka ga in ana tsuga ruwa kafin ka gama wurin kwananka ya zama kwano. A ƙasar nan abin da nake fara tambaya a kan kowane tanti shi ne, ana fara kafa rufin waje ko ana tayar da su tare? In a'a ne ni dai na wuce.

Sanduna kuma alminiyam kawai, kar ka yarda da na faiba ko da kyauta aka ba ka, irinta ce ta tsage maka. Alminiyam in ta sha wuya lanƙwasa take yi, ka sa mata ɗan bututun gyara ka ɗaure ka kai safe.

Ɗan Zazzau a Aberdeen:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To wane siffa kenan? Na ga akwai masu kama da rami dogo akwai masu kama da ƙwarya a kife.

Baban Khalifa, Inverness:
Yauwa. Mai kama da rami, wanda sanduna biyu ke tsaye kamar baka a jere, shi ya fi ba da sarari a kan nauyinsa, amma ba ya tsayuwa da kansa sai da turaku da igiyoyi, kuma dole ka juya gindinsa ya fuskanci iska, in iska ta juya cikin dare ta bugo shi ta gefe zai yi ta kaɗawa yana marinku, ba lallai ya faɗi ba amma barci sai dai na ɓarawo. Mai kama da ƙwarya a kife kuwa, in sandunansa sun gitta juna wuri uku huɗu ko fi, irin Terra Nova Quasar, shi ko ta ina iska ta zo bai damu ba har ƙanƙara yana ɗauka, amma ya haura kilo 3 kuma kuɗinsa ya wuce aljihunku nesa. Sarkin masu kama da rami Hilleberg Nallo 2 ne na 'yan Suwidin, kilo 2.4, sanduna milimita 9, tare ake tayar da ciki da waje, sai dai sabo ya doshi fam dubu, ko na hannu na biyu ba ya faɗuwa. Da kuɗinku ku duba Vango Banshee ko Wild Country Helm, duka alminiyam ne kuma ba sai ɗakin ciki ya jiƙe ba wajen kafawa. Vango ma na nan gida ne, sunan daga harufan Govan ta Glasgow aka juya shi, sun san ruwan ƙasarsu.

Maman Hanan, Edinburgh:
Ƙanina bari in sa baki tunda ni da maigida mun yi shekara huɗu muna wannan haukar. Wannan "na mutum biyu" da suke rubutawa a jikin jaka, mutum biyu ne da suka yarda su kwana kafaɗa na gogar kafaɗa, ba jaka ba takalmi. Mata da miji ma sai an yi haƙuri da juna balle gardawa biyu ɗaya mita 1.86. Banshee 200 zai matse ku, ka duba 300 ɗin, bai kai kilo 3 ba. Kuma kar ka tsaya kan tsawon da aka rubuta, ka je shago ka ce su kafa maka ka shiga ka kwanta a kan katifarka, domin wajen ƙafa rufin gangarowa yake yi, in ƙafar jakar barcinka na taɓa bango to da safe a jiƙe za ka same ta.

Wannan jiƙewar kuma mutane da yawa cewa suke tanti na yoyo, alhali numfashinku ne da danshin ƙasa ke taruwa a jikin rufin ta ciki kamar murfin tukunya. Duk tsadar tanti sai ya yi, maganin shi ne ka bar 'yan tagogin iskar nan a buɗe ko da kana jin sanyi, ka tafi da ɗan tsumma na gogewa. Shi ya sa ban yarda da tantuna masu bango ɗaya, marasa ɗakin ciki, ba a ƙasar nan.

Ƙofa biyu ma ba ƙawa ba ce, wanda zai fita alwalar asuba ba sai ya tattake ɗan uwansa ba, kuma in iska na bugo ɗaya ka fita ta ɗayar. Ka zauna a ciki ka ga ko kanka na taɓa sama, don akwai ranar da ruwa da iska za su hana ka tsayuwa a waje sai dai ka yi sallarka daga ciki.

Injiniya Bauchi:
Ni ban yarda da duk abin da Baban Khalifa ya faɗa ba, da girmamawa. Na yi hanyar tafiyar ƙafa ta West Highland Way gaba ɗaya, mil 96 daga Milngavie zuwa Fort William, da tanti mara nauyi mai raga, an yi ruwa kwana uku ko ɗigo bai shigo ba. Nauyi fa ba wasa ba ne, rabin kilo da safe ba komai ba ne amma bayan la'asar a kan hawa sai ka ji kamar ka goya yaro. Mutane na tsorata sababbi har su sayi tantin hawan Himalaya su je su kwana a bayan gari.

Baban Khalifa, Inverness:
Injiniya a wane wata ka yi, kuma a ina ka riƙa kwana?

Injiniya Bauchi:
Yuni, a ƙasa cikin kwari yawanci. To na ji, na gane inda ka dosa 😅 Amma bari in ƙara abin da na sani. Lambar nan da suke rubutawa 3000mm ko 5000mm, awon tsayin ruwan da yadin zai iya riƙewa ne kafin ya fara tsatsa, kar ta ruɗe ka, na rufi 3000 ya isa har ya yi yawa, akwai tantuna masu tsada da lambarsu ba ta kai haka ba kuma ba sa yoyo. Inda lambar ta fi amfani shimfiɗar ƙasa ce, saboda gwiwarka in ka durƙusa a jiƙaƙƙen wuri matsa ruwan take yi ya shigo. Ka fi duba ɗinkin, an liƙe shi ko ba a liƙe ba. Sai yadi, nailan ya fi ƙarfi a kan nauyinsa amma in ya jiƙe saki yake yi sai ka fito cikin dare ka ƙara jan igiya, foliyesta ba ya saki sosai. In na hannu za ka saya ka shinshina shi, in yana wari ko cikin rufin na danƙo ko liƙin ɗinkin na ɓarewa to ya gama aiki.

Bafulatanin Gembu:
Ku je ku kalli bukkar makiyaya a Mambila ku koyi darasi kyauta, gajera ce a dunƙule, ƙofa ƙarama kuma ba a ba iska ita, sannan ba wanda zai kafa ta a ƙoƙon tudu. Ɗan Zazzau kai ne za ka zaɓa wa tantin inda zai kwana, me ya kai ka bakin tafki a sama ƙarshen Oktoba? Ku kwana a ƙasa ku hau da safe da 'yar jaka.

Baban Khalifa, Inverness:
Ya faɗi abin da nake shirin faɗa. Glen Derry akwai wurare masu kyau kusa da rafi, ku kafa a can, kar dai a ƙarƙashin busasshen itace, kuma kar dab da ruwa don rafukan nan cikin awa biyu suke cika. Ben Macdui mita 1,309 ne, bayan Ben Nevis ba wanda ya kai shi a Birtaniya, samansa shimfiɗaɗɗe ne in hazo ya sauka ba ka gane gabas, to taswira da kamfas dole ne, waya sanyi ke cinye mata batir. Ƙarshen Oktoba an riga an mayar da agogo baya ko ana dab da yi, bayan an mayar kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, kuma ƙanƙara na iya sauka a sama. Ku duba hasashen yanayi na duwatsu da MWIS ke fitarwa ba na cikin gari ba, in sun ce iska za ta yi tsanani ku ɗaga tafiyar. Akwai ɗan ɗakin mafaka na Hutchison a hanyar hawa Etchachan, ku san inda yake amma kar ku dogara da shi, ƙarami ne yana iya cika. Abin daɗin lokacin dai ƙananan ƙudajen nan masu cizo sun tafi.

Turakun da ke zuwa da tanti ba sa isa, ka ƙara shida ko takwas dogaye masu kusurwa, ka ɗaura duka igiyoyin tun daga gida, in ƙasa ta yi laushi ka danne turken da dutse. Ka kafa shi sau uku a fili kusa da gida, ɗaya da daddare da safar hannu.

Maman Hanan, Edinburgh:
Kuma dan girman Allah kar sanyi ya sa ku kunna risho a cikin tanti a rufe, hayaƙinsa mara wari ne yana kashe mutum cikin barci, yadin kuma cikin daƙiƙa yake cinyewa. Wutar itace ma ku manta da ita a wajen nan. Doka ta 2003 ta ba kowa damar kwana a daji a Sikotlan, ba kamar Ingila ba, amma da sharaɗin ku zama kaɗan, kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, ku kwashe shararku tas.

Ɗan Zazzau a Aberdeen:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Mun yi magana da abokina, mun haƙura da Etchachan za mu kwana a Glen Derry. Asabar za mu shiga shago mu kwanta a cikin Banshee 300 da Helm mu ga wanda ƙafata ba ta taɓa bango, canjin da ya rage mu sayi turaku da bututun gyaran sanda. Yaya Maman Hanan saura jakar barci, tawa an rubuta digiri 10 a jiki, za ta yi?

Maman Hanan, Edinburgh:
Digiri 10 a Oktoba? Wannan zanin gado ce ƙanina. Ka zo ka ari ta maigida, amma ka dawo min da ita a bushe.

Na Kurna:
Tabarmar dai tana nan.