Injinmu iri ɗaya amma maƙwabcina ya fi ni fidda buhu, ina matsalar take?

Bakabe: Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan injin casar shinkafa nan Jega, yara 9 ke min aiki, ƙanena ne manaja. Ni da maƙwabcina injinmu iri ɗaya, kasuwa ɗaya muke sayen shanshera, amma kullum ya fi ni fidda buhu kuma tashi ba ta karyewa kamar tawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, wallahi abin nan har barci yake hana ni.

Tsohon ma'auni: Wa alaikumus salam ɗana. Kana auna abin da ya shiga inji da abin da ya fito kuwa? Shanshera mai kyau kilo 100 ya kamata ta ba ka kamar kilo 60 zuwa 65. Karyewa kuma yawanci daga shanya take, in yara sun bar ta ta ƙone a rana ba mai juyawa dole ta farfashe, danshinta ya tsaya wajen kashi 14 cikin 100. Sayi littafi, kowace yamma a rubuta gabanka.

Ɗan Argungu: Yallabai ka yi haƙuri zan faɗi gaskiya, shekara 6 na yi ina ɗora buhu a wani inji da ɗan'uwan mai gida ke manaja, sai ƙarfe 11 yake zuwa, bel ya fara ƙara mu faɗa ya ce ba ruwanmu, kuɗin sati kuma sai mun yi ta bin shi kamar masu bara, to wa zai kashe kanshi a aikin? Ranar da aka koma biyanmu duk Alhamis ba fashi, mu da kanmu muke share rariya kafin a ce.

Maman Hauwa: Maganar bel ɗin nan ta taɓa ni. A kamfanin Toyota na Japan ƙaramin ma'aikaci na da ikon tsayar da layin haɗa mota in ya ga aibi. Malam Bakabe yaushe rabon ka zauna da mai kunna injinka ka tambaye shi abin da yake gani?

Bakabe: Na gode ƙwarai. Baba jiya na auna, ko 60 bai kai ba, jikina ya yi sanyi. Littafi da biyan sati zan fara gobe in sha Allah. Na ƙanena ne ya tsaya min a rai, don in na taɓa shi sai Inna ta kira ni, ta ina zan ɓullo mata?