Hannun lantarki ko ƙugiya: wanne ya fi aiki?

Mai Injin Niƙa: Jama'a, shekara uku ke nan da inji ya cinye mini hannun dama. Na sayar da gona na sayi hannun roba mai batir, wanda ke buɗewa da rufewa idan na motsa tsokar dungulmina, amma yau ina shaida muku cewa ado ne kawai. Da zarar na yi gumi sai ya daina jin umarnina, ga nauyi, ga ƙin ruwa, ga caji kullum a garin da wuta ba ta zama. Tsohuwar ƙugiyata mai waya, wadda nake ja da kafaɗa, ita ce ke ɗaure mini bakin buhu har yau.

Injiniya: Allah ya ƙara sauƙi, Malam, amma kalmar "ado" ta yi tsauri. Hannun lantarki mai suna i-Limb da aka fitar a Sukotilan a 2007 kowane yatsansa da injinsa yake, don haka yana rungumar kofin shayi yadda ƙugiya ba za ta iya ba.

Hajiya Babba: Ni ban ga aibun ado ba ma. Ɗan ƙanwata ya daina zuwa ɗaurin aure saboda kallon da ake yi wa ƙugiyarsa, kuma babu mai miƙa wa ƙarfe hannu a yi musabaha. Wannan ba aiki ba ne?

Ɗan Kanikanci: Hajiya, musabaha ba ta kunce noti. A gasar Cybathlon ta 2016 a Zurik ta ƙasar Switzerland, wato gasar masu naƙasa da ke amfani da na'urorin taimako, wani mai suna Bob Radocy ne ya zo na ɗaya a tseren hannun roba, kuma da hannu mai waya, irin wanda ake ja da kafaɗa, ya doke masu lantarki.

Injiniya: Gasa ɗaya ba hujja ba ce, kuma kai duk abin da ba za ka iya gyarawa a garejinka ba ado kake kiransa.

Ɗan Kanikanci: Ba ni na ce ado ba, Injiniya, koma sama ka karanta.

Shugaban Zaure: To, mu tsaya nan. Abin da na fahimta shi ne kowa ya amince hannun lantarki ya fi, kuma Malam ya yi gaggawa da ya kira shi ado. Batun gumi da caji kuwa, sai ya riƙa kula da shi sosai.