Muhawara: Shin mamaci ne ke da ikon zaɓen waƙar jana'izarsa?

Ma'aikaciyar jinya, Leeds:
Assalamu alaikum. A makon jiya na halarci jana'izar wani dattijo Bature da na yi jinyarsa kusan shekara biyu. An yi taron a gidan ƙona gawa, kamar yadda ake yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na masu rasuwa a nan Ingila, kuma tun kafin ciwonsa ya tsananta ya rubuta waƙoƙi uku da yake so a sa: ɗaya lokacin shigo da akwati, ɗaya a tsakiyar taro, ɗaya lokacin da jama'a ke fita. Ta ukun taken ƙungiyar ƙwallon ƙafar da ya goyi baya ne tun yana yaro. Ƙanwarsa ta fice ranta a ɓace, tana cewa an mayar da mutuwa wasa. Ni kuwa ina ganin an yi daidai, domin jana'izarsa ce, kuma abin da mutum ya zaɓa wa kansa ya fi ƙarfin son ran dangi da tsarin coci.

Dattijo, Wusasa:
'Yata, Allah ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi, amma ban yarda da cewa jana'izarsa ce shi kaɗai ba. A ikilisiyarmu idan mutum ya rasu, 'yan Zumuntar Mata sukan kwana suna rera waƙoƙin yabo daga Littafin Waƙoƙi, kuma amfanin waɗannan waƙoƙi shi ne kowa ya san su, har wanda kuka ya hana shi magana yana iya bin amshi. Waƙar da aka kunna daga na'ura kuwa saurarenta kawai ake yi, jama'a sun zama 'yan kallo. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A 2010 babban limamin Katolika na Melbourne a Ostareliya, Denis Hart, ya hana sa waƙoƙin soyayya da na ƙungiyoyin ƙwallo a cikin sujadar jana'iza, ya ce a kai su wajen zaman da iyali ke yi a waje. Hujjarsa ita ce sujada ta roƙa wa mamaci jinƙai ce, ba bikin tuna abin da yake sha'awa ba.

Lauya, Birmingham:
Baba, ku gafarce ni in shigo da batun doka, domin taken muhawarar ya yi amfani da kalmar iko. A dokar Ingila abin da mutum ya rubuta game da jana'izarsa, ko da a cikin wasiyya ne, bai zama wajibi a kan kowa ba. Tun shari'ar Williams da Williams ta 1882 kotu ta tsayar da cewa gawa ba dukiya ba ce da mutum zai yi wasiyya da ita, kuma wanda aka ɗora wa zartar da wasiyya shi ne ke da alhakin binnewa da yanke shawarar yadda za a yi. Saboda haka, idan matar wannan dattijo aka ɗora wa hakan, da ta ga dama ta soke waƙar ƙwallon, babu alƙalin da zai tuhume ta. Abin da ya bari roƙo ne, iyalinsa suka karɓa don ƙauna.

Ma'aikaciyar jinya, Leeds:
Na gode, Lauya, amma rashin tilasci a doka bai rage nauyin amana ba. Mutumin nan ba ya zuwa coci, bai san waƙoƙin yabo ba, 'ya'yansa ma ba su san su ba. Na sha halartar jana'iza a nan inda aka raba takardar waƙa, mai kaɗa molon coci ya fara, amma cikin mutum hamsin da ƙyar ake jin muryar huɗu. Baba yana magana ne a kan jama'ar da ke da waƙa guda da ta haɗa su, alhali a nan abin da ya haɗa mutumin da abokansa filin wasa ne, kuma wallahi da aka sa taken nan maza masu furfura suka tashi suna rerawa da hawaye. Kamfanin Co-op, wanda ke cikin manyan masu shirya jana'iza a Birtaniya, yana fitar da jerin waƙoƙin da aka fi nema, kuma a jerin 2019 babu waƙar coci ko ɗaya a cikin goma na farko.

Malamin makaranta, Kano:
Ina bin zancenku da sha'awa. A wurinmu Musulmi tambayar ba ta ma tasowa, tunda sallar jana'iza kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada, balle kiɗa, kuma wasiyyar da ta saɓa wa shari'a ba a zartar da ita. Ban kawo wannan don in auna al'adar wasu da ma'auninmu ba. Na kawo shi ne saboda misalin ɗan damben Amurka Muhammad Ali, wanda ya daɗe yana tsara yadda za a yi masa sallama. A ranar 9 ga Yunin 2016 aka yi masa sallar jana'iza a Louisville bisa tsarin Musulunci, washegari kuma aka yi wani taro dabam na jama'a mabiya addinai iri-iri, inda aka yi jawabai a kan rayuwarsa. Raba abu biyun nan shi ne abin da limamin Melbourne ya nema, kuma ina ganin zai kashe rabin wannan gardama.

Ma'aikaciyar jinya, Leeds:
Malam, Ali yana da birni guda da kwana biyu. Talaka a nan minti talatin ko arba'in ake ba shi a ɗakin taron, wata gawar na jira a waje. Idan ba a sa waƙarsa a lokacin ba, babu wani taron.

Ɗalibar tarihi, Landan:
Ina so in ja hankali kan wani abu da duka ɓangarorin suka tsallake. Mutane da yawa suna ambaton jana'izar Gimbiya Diana ta ranar 6 ga Satumban 1997 a matsayin lokacin da waƙar zamani ta shiga jana'izar Ingila da ƙarfi, domin mawaƙi Elton John ya rera wata tsohuwar waƙarsa ta 1973 da aka sake wa baituka a cikin cocin Westminster. To amma Diana ba ita ta zaɓa ba, ta rasu ne a hatsarin mota tana da shekara 36. Takardun gwamnati da aka saki a 2021 sun nuna cewa shugaban limaman cocin, Wesley Carr, shi ne ya roƙi fada ta amince, saboda jama'ar da ke cikin jimami. Ke nan waƙar da ta fi kowace shahara masu rai ne suka zaɓa wa masu rai, kuma da hannun malamin coci. A ɗaya gefen, Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ya tsara tasa jana'izar da kansa, kuma da aka yi ta a Windsor a watan Afrilun 2021, abin da ya zaɓa waƙoƙin ibada ne, ciki har da wadda sojojin ruwa suka saba rerawa, tunda a cikinsu ya yi aiki. Zaɓin mutum bai zama dole ya yi karo da coci ba, kuma waƙar zamani ba kullum mamaci ne ya nema ba.

Dattijo, Wusasa:
Madalla da wannan bayani, 'yata. Ni ma na riga na gaya wa 'ya'yana lambar waƙar da nake so a rera mini, saboda ita aka rera wa mahaifiyata. Ban ƙi mutum ya zaɓa ba. Abin da nake tsoro shi ne ya zaɓi abin da zai raba kan waɗanda ya bari, kamar yadda ƙanwar wannan bawan Allah ta fita daga jana'izar ɗan'uwanta, wadda ba za a sake yi ba. Shi ba ya ji, ita kuwa za ta rayu da abin.

Lauya, Birmingham:
A aikina na ga irin wannan saɓani fiye da sau ɗaya, kuma galibi ba waƙar ce ke jawo shi ba, rashin sani ne. Mutum ya rubuta ya ɓoye a cikin wasiyya, wani lokaci ma ba a buɗe ta sai bayan an binne shi. Shin dattijon ya taɓa faɗa wa ƙanwar tasa tun yana da rai?

Ma'aikaciyar jinya, Leeds:
Bai faɗa mata ba. Ni da matarsa kaɗai muka sani, domin a gabana ya rubuta a bayan takardar magani, ya ce kada a gaya wa ƙanwarsa saboda za ta yi masa wa'azi. Na yarda wannan kuskure ne, kuma da na ba shi shawara ya kira ta. Amma a kan sa waƙar ban sauya ra'ayi ba. Jiya matar ta kira ni ta ce ƙanwar ta zo gidan sun sha shayi tare, ba wadda ta ta da zancen, kuma takardar maganin tana nan manne a jikin firji.